Allon Ɗan Kasuwa: Rahoton Da Za A Riƙe Da Wanda Za A Bari Ya Wuce

 Yau za mu ɗan jingine jerin farashi, mu yi magana a kan wata mas'ala da ta shafi shi jerin kansa. Mas'alar ita ce, cikin rahotannin da ke zuwa wa mai ciniki safe da yamma, wanne zai riƙe, wanne zai bari ya wuce? Kuma cikin lissafin da yake yi a littafinsa, wanne ne ke gaya masa gaskiya, ko cinikinsa gaba yake yi ko baya? Ba ƙaramar magana ba ce, domin mutum yakan karye alhali rumfarsa cike take da jama'a, wayarsa kuma ba ta daina ƙara ba.

Dattawanmu sun san lokacin da rahoto ɗaya tak ya ishi mai gyaɗa da mai auduga. Hukumar ciniki ce ke yanka farashi kafin kaka, a yi shela, ejan ya saya a kan haka, ba a jayayya sai a kan sikeli da lambar kaya. A 1977 gwamnatin tarayya ta mai da hukumomin na ƙasa baki ɗaya, ta auduga tana Funtuwa, ta gyaɗa tana Kano, ta hatsi tana Minna. A 1986 aka rushe su, aka bar kowa da kasuwa. Rake da tumatir da barkono dama can ba su shiga wannan tsari ba. Labarinsu a bakin direba yake zuwa, ko a bakin falken da ya kwana a Kano ya sauka Tashar Yari da hantsi. Wanda ya riga jin labari, shi ke da ribar ranar.

Da wayar hannu ta shigo a 2001 sai wannan riba ta soma ƙanƙancewa. Wata malamar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da waya ke shiga garuruwansu ɗaya bayan ɗaya. Ta samu cewa tazarar farashi tsakanin kasuwannin da waya ta shiga ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Abin da wannan ke nufi a wurinmu shi ne, farashin Dawanau ya daina zama sirri. Manomin da ke Gubuci ya san shi kafin ka ɗaure takalminka. Saboda haka yanzu sanin farashi kaɗai ba ya ci da mutum. Abin da ya rage shi ne sanin wane farashi ne na gaskiya, da sanin abin da kai kanka ka kashe kafin kaya su bar hannunka.

Manyan kamfanoni suna da wani shafi guda da suke tara lissafinsu mafi muhimmanci a kai, a kwamfuta ko a waya, kuma sun ara masa suna daga allon nan na gaban direba. Sunan ya dace. Inji yana da ƙarafa ɗaruruwa, amma abin da aka sa a gaban direban tirela bai wuce 'yan allurai ba: gudu, da mai, da zafin inji, da baƙin mai, da batir. An zaɓe su ne domin kowace in ta motsa akwai abin da direba zai yi nan take, ya rage gudu, ko ya tsaya gidan mai, ko ya kashe mota ya ba ta ruwa. To, gwajin ke nan da muke so kowa ya riƙa yi wa duk rahoton da aka kawo masa. Ka tambayi kanka, in wannan lamba ta hau ko ta sauka, me zan sake gobe? Zan ƙara saye, ko in dakata, ko in sauya kasuwa, ko in hana wane bashi? In amsar ita ce ba abin da zan sake, to hira ce, a ji ta a majalisa bayan la'asar, amma ba ta da wuri a allo.

Farashin da ke zuwa daga waje

In aka ce maka masara kaza a Giwa ko a Dandume, maganar ba ta cika ba tukuna. Na farko, taya ne ko sallama? Kuɗin da mai kaya ya ambata daban, wanda mai saye ya taya daban, wanda aka sallama a kai daban, kuma na ukun nan kaɗai ne farashi. Da yawa daga abin da ke yawo a WhatsApp kuɗin bakin mai kaya ne, wanda aka ce albarka a kansa aka watse. Sa'an nan wane lokaci? Kasuwa ɗaya takan buɗe da wani kuɗi da safe, motocin Kudu su cika da azahar, da yamma ta faɗi. Sa'an nan wane ma'auni? Mudun wani gari ba lalle ya zo daidai da na wani ba, tiyar Kano ba mudun Zazzau ba ce, kuma buhun da ake ce wa mai kilo 100 wani a shafe yake, wani an cika shi har ya yi tozo an ɗinke da ƙyar. Naira dubu biyu da ka ga ta raba kasuwa biyu, wata sa'a ba riba ba ce, mudu huɗu ne da ke cikin wancan buhu babu su a wannan. Sabuwa ce ko tsohuwa, fara ko ja, busasshiya ko da sauran danshi? Duk wannan dillali ya san shi kamar yunwar cikinsa in yana tsaye a kan kaya, amma da an turo lamba a waya sai a mance a tambaya.

Akwai kuma tambayar da farkon 2023 ta koya wa kowa, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta ɓace a hannun jama'a. A watannin nan buhu ɗaya farashi biyu gare shi, na kuɗi hannu da na taransifa, kuma manomi ya gwammace ya karya kayansa ya ga takarda. Wanda aka ba shi labarin ɗaya ya yi lissafi da ɗayan, ya sha mamaki. Har yau farashin kuɗi hannu ba ɗaya yake da na "kai kaya, in an sayar a turo" ba.

Game da rahoton gwamnati kuwa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da farashin abinci wata-wata. Aiki ne mai kyau, amma a san abin da aka yi shi dominsa. Farashin kiri ne, a kan kilo, an haɗa na jiha guda an raba, kuma yakan fito bayan watan ya wuce da makonni. Ba a sayen mota guda ta masara da shi. Amfaninsa shi ne ganin inda shekara ta dosa, da ganin wace jiha ce kaya suka fi tsada a kai a kai. Kuma ko shi sai an kula. Hukumar ta ce hauhawar farashi ta watan Disamba 2024 ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ta watan Janairu 2025 kuma 24.48. Ba kasuwa ce ta faɗi cikin kwana talatin ba, ma'aunin aka sake, aka canja shekarar da ake gwadawa da ita da kayan da ake ƙirgawa. Kamar a canja maka mudu ne tsakar awo. Duk rahoton da ya yi tsalle irin wannan, a fara tambayar mudu kafin a tambayi kasuwa.

Kowane kaya da agogonsa

Mai tumatir a Ikara ko Kudan ba ya da abin yi da rahoton wata, ko na mako. Kayansa kwana suke ƙirgawa. Abin da ke allonsa shi ne motoci nawa suka yi lodi jiya daga nan da Kadawa da sauran wuraren noman rani, nawa suka isa Mile 12 a Legas da asuba, kuma hanya lafiya? Yawan motocin da ke gabanka ya fi farashin yau gaya maka abin da za ka tarar, domin kai ba a farashin yau za ka sayar ba, a na jibi ne. A ƙarshen Fabrairu 2021, da ƙungiyar masu kayan abinci da shanu ta tsai da kai kaya Kudu, kwando ya yi tashin gwauron zabo a Legas, a nan kuwa ya rasa mai taya, har zuwa farkon Maris da aka janye. Farashin Legas na kwanakin nan gaskiya ne, amma ba shi da amfani ga wanda motarsa ba za ta wuce ba. A 2016 kuma, da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa Sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, labarin farko ba daga kasuwa ya fito ba. Daga ganye ya fito. Dillalin da ke leƙa fadama ya riga mai jiran waya da makonni. A ƙara da farashin kauɗa, domin shi ne ƙasan rijiya: in ɗanye ya faɗi ƙasa da abin da shanya za ta mayar, a yanka a shanya. Haka nan a riƙa sanin ko kamfanin tumatir na Ikara, wanda aka kafa tun 1981 kuma ya sha tsayawa da tashi, yana saye a wannan kaka ko ba ya saye.

Rake, wanda shi ne ƙashin bayan ƙasar Makarfi, agogonsa ya fi na tumatir jinkiri amma ba da yawa ba. Da an sare shi ya soma bushewa, nauyi na raguwa, zaƙi na juyawa. Mai rake yana da ƙofa biyu, ya ɗaure dami ya loda, ko ya kai wa masu matsewa a dafa mazarƙwaila wadda za ta jira kasuwa. Lambar da yake bukata ita ce wadda ke gwada ƙofofin nan: dami kaza in an sayar ɗanye nawa ne bayan kuɗin mota, in an dafa kuma dunƙule nawa zai fitar, a cire itace da man inji da ladan masu aiki. Wanda bai taɓa auna wannan da kansa ba, ya auna sau ɗaya a bana ya rubuta. Mai mazarƙwaila kuma ya sa ido a kan farashin sukarin kanti, domin in ya yi tsada mutane sukan waiwayo.

Wani abu kuma da littattafai da yawa ke tuntuɓe a kai: in za ka gwada bana da bara, da wane wata za ka gwada? Kaka da damina da hunturu watan Bature suke bi. Azumi da Salla da Mauludi watan Musulunci suke bi, kuma suna matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara. Azumin 2015 a Yuni da Yuli aka yi shi, na 2025 a Maris. Wanda ya ga cinikinsa na Maris 2025 ya fi na Maris ɗin shekarun baya, kada ya ce dabararsa ce, Ramalana ne ya sauka a kansa. A rubuta kwanan wata biyu a kan kowane shafi, ba ya cin tawada.

Masara da dawa da waken suya su ne masu dogon numfashi, kuma a nan ne aka fi yin asara mai nauyi, domin a nan ake zuba jari a rufe sito. Al'adar da aka sani ita ce a saya da kaka a sayar da bazara ko tsakar damina. Shekaru da dama ta biya. Amma a watan Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, kuma a 2025 hatsi ya yi ta sauka maimakon hawa. Masu ajiya da yawa da suka saya da tsada a kakar 2024 sun fitar ƙasa da uwar kuɗi. Jerin farashin mako bai gargaɗe su ba, don ba aikinsa ba ne. Abin da mai ajiya ke bukata a allonsa na nesa ne: sanarwar gwamnati a kan shigo da abinci da iyakoki, kamar rufewar Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, canjin naira da sefa, domin shi ke kawo masu saye daga Nijar ko ya kore su, hasashen damina da hukumar yanayi ke fitarwa a farkon shekara, rahoton amfanin gona na NAERLS da ke Samaru, da kuma ko kamfanonin abincin kaji sun shigo kasuwa ko sun noƙe. Waɗannan ba kullum ake duba su ba. Sau ɗaya a wata ya isa, amma kafin a rufe sito wajibi ne.

Lissafin cikin gida

Duk abin da muka faɗa a sama rabin allo ne. Ɗaya rabin ba mai turo maka shi, kai za ka rubuta. Ga misali, kuma lambobin na misali ne kawai, ba farashin yau ba.

A ce Alhaji ya sayi masara buhu 100 a kan N40,000, watau N4,000,000. Buhu da ɗinki, da 'yan dako, da mota, da la'ada, da hayar sito da maganin ƙwari, a ce sun ci N4,000 a kan kowane buhu. Uwar kuɗi ta zama N4,400,000. Bayan wata shida ya sayar a kan N48,000. In ka tambaye shi a majalisa zai ce ya ci dubu takwas-takwas. Ba haka ba ne. Bushewa da ɓera da zuba sun ci buhu 2, saura 98, kuɗinsu N4,704,000. Riba N304,000, wajen kashi 7 cikin ɗari a wata shida. In shekarar irin 2024 ce, tsadar kaya ta haura wajen kashi 16 a wata shidan nan. Ashe naira ta ƙaru a aljihu, amma abin da za ta saya ya ragu. Maƙwabcinsa kuwa da jari iri ɗaya yana saye yana kaiwa Dawanau duk mako, ribarsa bayan an cire komai N500 kacal a buhu, abin da Alhaji zai yi wa dariya. Sawu 20 a wata shidan nan, N50,000 kowane sawu, N1,000,000 ke nan. Ba cewa muke ajiya ba ta da riba ba, wata shekarar takan ninka. Cewa muke riba a kan buhu ita kaɗai lamba ce mai ruɗi, sai an haɗa ta da kwanakin da kuɗi suka yi a kwance.

Saboda haka muna ba da shawara a riƙa ƙirga jari da buhu, ba da naira ba. Bara war haka jarina buhu nawa zai saya, bana nawa? Naira ta sha sauya fuska tun ranar 1 ga Janairu 1973 da ta karɓi fam, fam ɗaya naira biyu, sule kobo goma. Buhu kuwa yana nan buhunsa.

Sai bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma mafi yawanmu muna rubutawa. Abin da ba a cika yi ba shi ne rubuta shekarunsa. Jimlar bashin da kake bi ba ta gaya maka komai. N600,000 da aka ɗauka shekaranjiya ba ɗaya take da N600,000 da ta kwana wata huɗu ba. A raba shafin gida uku, na ƙasa da mako biyu, na ƙasa da wata biyu, da wanda ya wuce haka. In gida na uku yana kumbura, to ciniki ba ya tafiya ko da mota na fita kullum, kyauta ake yi ba a sani ba. Takardar da POS ko banki ke fitarwa tana nuna abin da ya shigo ne kawai. Ba ta san wanda bai biya ba, ba ta kuma raba kuɗin kaya da kuɗin cefane.

Talla, da abin da ta jawo

Yanzu samarinmu da yawa suna tallar kaya a Facebook da TikTok da WhatsApp, wasu har suna biya a yaɗa musu. Madalla, mazarƙwailar Gazara ta kai inda jaki bai taɓa kai ta ba. Amma shafukan nan suna da nasu allo, kuma lambar da suka fi sawa a gaba ita ce mutum nawa suka gani, nawa suka danna alamar so. Wannan ita ce lambar da ta fi faranta rai, ita ce kuma ta fi ƙarancin amfani. Mai tallar goro da ya ratsa kasuwa mutum dubu sun gan shi, amma da yamma ba idanu yake ƙirgawa ba.

A sake ɗaukar misali. Yaro ya biya N20,000 aka yaɗa hoton mazarƙwailarsa. Allo ya ce mutum 30,000 sun gani. Mutum 40 suka yi magana, 5 suka saya. Lissafin ba 30,000 ba ne, N20,000 ne a raba gida 5, kowane sabon mai saye ya ci N4,000. In ribar da aka samu a kan kowannensu N3,000 ce, an faɗi. In kuwa uku daga cikinsu suka dawo wata mai zuwa, suka sake dawowa, ba tare da an sake biyan talla ba, an ci. Ka ga ke nan lambobin talla da suka cancanci allo su ne nawa aka kashe, mutum nawa suka saya, nawa suka dawo. Tsakanin 40 da 5 ɗin nan ma akwai karatu. In masu tambaya na da yawa masu saye kaɗan, tallar ta yi aikinta, matsalar na wajen farashi, ko kuɗin aikawa, ko jinkirin amsa. In masu tambayar ma babu, hoton ko mutanen da aka nuna wa ne ba su dace ba. Magani biyu ne daban, kuma jimlar masu kallo ba za ta nuna maka wanne ba.

Ta yaya za a san wace talla ce ta kawo wane? Ba sai da kwamfuta ba. Duk baƙon mai saye a tambaye shi, "Alhaji, wa ya kwatanta maka mu?" A rubuta a gefen sunansa: waya, ko rediyo, ko dillali wane, ko tsohon abokin ciniki. Bayan wata uku a ƙirga. Mu dai zatonmu shi ne mai sari a ƙasar nan zai tarar sahun dillalai da tsofaffin abokan ciniki ya fi tsawo nesa ba kusa ba, amma kada a ɗauki zatonmu, gani ya kori ji. Dillali dai yana da wata falala da tallar waya ba ta da ita, ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa. Shi ma a auna shi: kwana nawa kaya ke yi a hannunsa, kuma mutanen da yake kawowa suna biya ko suna shiga gida na uku? Dillalin da ke sayarwa da tsada ga wanda ba ya biya, ya fi mai arha tsada. Ku kuma dillalai, wannan littafi shi ne shaidarku gaban mai kaya. Wanda zai iya buɗe shafi ya ce buhu kaza na sayar maka bana, kwana kaza-kaza, ba wanda ya riƙe maka kobo, ba ya bukatar rantsuwa.

To, yaya allon zai kasance? Shafi ɗaya na littafin makaranta, a ja masa layi, a cika shi da daren kasuwa kafin a kwanta. A sama farashin sallama a kasuwar da kake saye da wadda kake kaiwa, da ma'auni ɗaya. Ƙarƙashinsa abin da buhu ko kwando ko dami ya ci kafin ya isa. Sai kayan da ke ƙasa da kwanakinsu, sai bashi gida uku, sai sababbin masu saye da hanyar da suka biyo. A gefen kowace lamba a sa ta makon jiya da ta bara war haka, domin lamba ita kaɗai ba ta magana sai da 'yar'uwarta. In sun haura bakwai ko takwas, an soma komawa gidan jiya. Mai Ajami ya rubuta da Ajami, mai boko da boko, mai son waya ya sa yaro ya zuba masa a ciki, duk ɗaya ne, in dai mutum ɗaya ne ke cikawa kuma rana ɗaya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, gaskiya ne ga buhu goma. Ga buhu ɗari uku da abokan ciniki a jihohi huɗu, ido ya gaza.

Shafin nan yana da wani amfani ranar fidda zakka. A mazhabar Malikiyya an raba ɗan kasuwa biyu. Mai jujjuya kaya, wanda malamai ke kira mudiri, yana ƙimanta kayansa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya, ya fitar da ɗaya cikin arba'in in sun kai nisabi. Mai ajiya yana dakon kasuwa kuwa sai ya sayar. Wanda ya raba bashinsa gida uku ya riga ya san wanda ake sa ran biya da wanda aka fid da rai. Sauran bayani a nemi malamai.

Wakilanmu da ke aiko mana da farashi daga Gazara da Makarfi da Ikara da Paki da Hunkuyi, muna roƙo kowane saƙo ya zo da abu huɗu: kuɗin da aka sallama, da sa'ar da aka sallama, da mudu nawa buhun ke ci, da ko kuɗi hannu ne ko bashi. Jerin farashi zai dawo a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.